Keke, Kyanwa da Karnukan Bola

Malam Bala: Assalamu alaikum masu sauraro, daga Agege muke zuwa muku kamar kullum. Yau Auwal ya shigo yana ɗingishi, shi ya sa muka ajiye abin da muka shirya. Auwal, lafiya?

Auwal: Karnuka ne, Malam. Ka san tun da aka hana okada a Ikeja a 2022 na koma kai saƙo da keke. Shekaranjiya bayan asuba na bi ta bayan kwata, sai ga guda huɗu sun taso daga kan bola. Na taka feda iya ƙarfina, ɗaya ya cafki wandona, na zube a kwalbati.

Rabi: Ai a gudun nan ka jawo wa kanka, ƙanena. Kare abin da ke gudu yake bi. Ƙafarka na juyawa a gaban hancinsa, me kake so ya yi?

Auwal: To Anti, in tsaya su cinye ni?

Rabi: Ka taka birki, ka sauko, ka sa keken tsakaninka da su ya zame maka katanga. Kada ka zuba masa ido cikin ido, kada ka juya masa baya. Ka daka tsawa sau ɗaya, ka riƙa ja da baya sannu a hankali. Yawancinsu wurinsu suke karewa, da ka fita daga iyakarsu sun koma.

Malam Bala: Ni a zamaninmu durƙusawa muke kamar za mu ɗauki dutse. Karen unguwa ya san wannan karatun. Amma bar wannan, Auwal, haƙorinsa ya taɓa fatarka?

Auwal: Ɗan ƙwarzane ne kawai. Wani maƙwabcina ma cewa ya yi in samo gashin karen in ƙona in shafa.

Rabi: Innalillahi! Ka wanke?

Auwal: Na goge da tsumma.

Rabi: Sabulu da ruwa mai gudana, minti 15 cur, shi ne abu na farko. Daga nan asibiti, a yi maka allurar haukar kare. Ba sau ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, sauran likita zai tsara maka. Ƙwayar cutar a yawu take, tana bin jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Mutum na iya yin wata biyu yana yawonsa garau, amma ranar da ya fara tsoron ruwa, kusan ba a tashi.

Malam Bala: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan 59,000 ke mutuwa da ita duk shekara, akasari a Afirka da Asiya. Ƙwarzane ba abin raini ba ne.

Auwal: Anti, ke da kike kiwon kyanwa, ina kika san duk wannan?

Rabi: Kyanwar ce ta koya min. Bara karnukan layinmu suka rutsa ta a bayan janareta, ta dawo kunne a yage. Likitan dabbobi ya fara tambayata katin rigakafinta, na yi tsuru-tsuru. Ashe ita ma tana ɗauka, kuma tana iya shafa wa yarana. Tun wata uku da haihuwa ake fara yi wa kyanwa rigakafin, sannan duk shekara. Yanzu da magariba ta yi nake rufe ta a ɗaki, na kuma daina zubar da ƙashi a bakin ƙofa, don shi ke tara karnukan.

Malam Bala: In ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Tashi, Auwal, ga makullin motata, Rabi za ta kai ka.

Auwal: Saƙonni uku fa na jirana a Ogba, Malam.

Rabi: Su jira. Ɗauko hularka.