Me Ke Ƙarfafa Karan Shinkafa?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa. Malam Sani, manomi ya zuba yuriya, gona ta yi kore shar, ana dab da girbi sai iska ta zo ta kwantar da shinkafar. Me ya rasa?

Malam Sani: Sau da yawa, Malama Hadiza, yuriyar ce ta yi yawa, kara ya yi tsawo ya yi laushi. Amma akwai wani sinadari da ba a cika zancensa ba, silikon.

Bala: Wanda ke cikin yashi?

Malam Sani: Shi fa. Bayan oksijin, babu abin da ya fi shi yawa a ɓawon ƙasa, wajen kashi 28 cikin ɗari.

Bala: To Malam, mu da yashi ya kewaye mu, ina matsalar?

Malam Sani: Saiwa ba ta shan yashi, Bala. Sai ɗan abin da ya narke cikin ruwa take zuƙa, ta tura sama, ya daskare ƙarƙashin fatar ganye da kara. Ka taɓa shafa ganyen shinkafa ka ji kaushi, har ya yanke ka? Aikinsa ne. Shinkafa kan tara shi har ya kai kashi 10 cikin ɗari na busasshen jikinta. Rake ma yana tara shi sosai. Tumatir kuwa kaɗan yake ɗauka.

Hadiza: Ban da hana kwanciya fa?

Malam Sani: Tsutsar da ke huda kara tana shan wuya, domin taurin yana cinye mata baki. Cutar bilas, wadda ke yi wa ganye tabo ta karya wuyan zangarniya, ba ta samun shiga da sauƙi. Japan ta amince da silikon a matsayin taki tun 1955, daga ragowar masana'antar ƙarfe suke samunsa. A 2006 kuma Farfesa Jian Feng Ma na Jami'ar Okayama da abokan aikinsa suka gano ƙwayar halittar da ke sa saiwar shinkafa ta zuƙe shi.

Bala: Mu a ina za mu samu?

Malam Sani: Nan ne abin ke damuna. Je Kura ka ga tulin buntu a bayan injinan casa. Wajen kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntun nan toka ne, tokar kuma kusan duka silika ce, wato silikon da ya haɗu da oksijin. Daga gona aka kwaso shi, kowace shekara ana kwashe bambaro da buntu, ba a mayar da komai.

Hadiza: A ƙona a watsa ke nan?

Malam Sani: A hankali dai. Wuta mai tsanani tana sa silikon ɗin ya ƙi narkewa. A turara buntun ya zama baƙi kamar gawayi, a cakuɗa da ƙasa lokacin huɗa. A rufe hanci kuma, ƙurarsa na cutar da huhu.

Bala: Amma ba zai maye gurbin takin zamani ba ko?

Malam Sani: Ko kusa. Yuriya da NPK suna nan yadda suke, wannan ƙari ne a kansu.