Jimla ɗaya aka ƙara, mun yi wata biyu muna fama

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar injin nan, a bayan sito nake ɗaukar bidiyon yau, lokacin hutun rabin awa. Ga sababbin zuwa, nan Lesta ce a Ingila, kuma kwalayen zuba kayan abinci muke yi a kamfaninmu.

Masu cewa na ɓace, mai binciken ISO 9001 ne ya zo, wato ƙa'idar duniya ta tabbatar da ingancin aiki da ake ba kamfani takardar shaida a kanta. Takardar shaidar shekara uku take yi, amma duk shekara sai sun leƙo. A watan Fabrairun 2024 hukumar ISO da ke Jeniba ta ƙara jimla ɗaya a sashe na 4.1 na ƙa'idar: kamfani ya tantance ko sauyin yanayi ya shafi aikinsa.

Manajanmu ya ce a rubuta "bai shafe mu ba", a wuce wurin. Na ce yallaɓai, ka manta 19 ga Yuli, 2022? Ranar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila karon farko. Ni ɗan Sakkwato ne, a ranar dariya nake musu, ina cewa wannan ai sanyin safiya ne a watan Afrilu. Ashe ni ma dariyar za ta koma ciki. Sitonmu rufin kwano ne, iska ba ta shiga, gam ɗin kwalayen ya saki, kwastoma ya dawo mana da kaya. Na ciro takardar ƙorafin na ajiye a gabansa, ya yi shiru.

Daga nan aiki ya tashi. Tun gyaran 2015 ƙa'idar take so a riƙa hangen matsala kafin ta auku, don haka muka saka zafi cikin jerin haɗurra. Muka rataye ma'aunin zafi uku a sito, ana rubutawa sau biyu kowane zubin aiki, muka kuma sa mai kawo mana gam ya rubuto iyakar zafin da yake jurewa. Rubutun nan ne ya fi ba mu wahala, wallahi, mutane ba sa son biro.

Da mai binciken ya zo, fayil ɗin da na kwana uku ina shiryawa ko minti biyar bai yi a kai ba. Kai tsaye ya nufi direban fokilif, wato motar ɗaga kaya, ya nuna ma'aunin, ya ce idan ya wuce 30 me za ka yi? Gabana ya faɗi. Bawan Allah ya ce zai kwashe kayan zuwa ɓangaren arewa ya kira ni.

Ga ƙararrawa nan, bari in koma ciki.