Ɗakin Tsofaffin Takardu na Fustat

A watan Mayun 1896, wasu tagwaye mata 'yan Sikotland, Agnes Lewis da Margaret Gibson, suka nuna wa Solomon Schechter, malamin adabin Yahudawa a Jami'ar Cambridge, wani yagaggen falle da suka sayo a tafiyarsu ta Masar. Da ya duba sai ya gane shafi ne na littafin hikimar Ben Sira, wanda aka rubuta da Ibrananci kimanin shekara 180 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma aka daɗe ana zaton asalinsa ya salwanta, fassarorinsa kawai suka rage.

Schechter ya bi sawun fallen har majami'ar Ben Ezra da ke Fustat, wato tsohuwar Alkahira. A can akwai wani ɗaki da ake kira geniza, inda Yahudawa ke ajiye duk takardar da ta tsufa, domin a wurinsu ba a yar da rubutun da ke ɗauke da sunan Allah, ladabin da duk wanda ya yi makarantar allo ya san irinsa. Shekaru kusan dubu ana zubawa. Schechter ya shafe makonni cikin ƙura yana tsinta, kuma abin da ya kwaso ya kai guntaye kusan 193,000.

Muhimmancinsu ga masu nazarin Mishna da Talmud, wato manyan littattafan shari'a da koyarwar malaman Yahudawa, yana da girma ƙwarai, domin littattafan da ake bugawa sun ratso ta hannun masu kwafi ƙarni bayan ƙarni, kowanne da kuskurensa da gyaransa. Waɗannan guntaye sun girmi mafi yawan kwafin da aka sani, saboda haka mai bincike yana iya ajiye su gefe da gefe, ya ga inda kalma ta sauya, musamman a Talmud ɗin Kudus da aka daɗe ba a kula da shi kamar na Babila ba. Akwai kuma rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa, har da wuraren da ya soke ya sake, da tarin wasiƙun Larabci cikin haruffan Ibrananci, kamar yadda ake rubuta Hausa da Ajami.

Abin da ya fi jan hankali shi ne Takardar Dimashƙa, rubutun dokokin wata tsohuwar ƙungiyar Yahudawa, wadda Schechter ya buga a 1910. Masana sun yi ta gardama a kan zamaninta, har sai da aka tono kwafinta a kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, aka tabbatar an rubuta ta tun kafin rushe Haikalin Kudus a shekara ta 70 bayan haihuwar Annabi Isa.