Daga "Please" Zuwa "S'il Vous Plaît"

Hadiza: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, ga Abdu a gefena, ga kuma Malam Lawali ya dawo daga Maraɗi, yau zai nuna mana yadda kalmomin ladabi na Turanci suke a Faransanci. Malam, sannu da zuwa.

Malam Lawali: Yauwa Hadiza. Kin ga wannan sannu da zuwa da kika yi mini? A Yamai sai a ce miki "bonne arrivée". Mutumin Faris zai gane, amma shi "bienvenue" ya saba da ita. Gaisuwarmu ce muka ɗinka wa rigar Faransanci.

Abdu: Wannan bienvenue ɗin ce ta ba ni kunya a Birnin Konni. Na ɗauko wa wata dattijuwa ledarta da ta faɗi a ƙofar shago, ta ce mini merci. Ni kuma na juyo "you're welcome" kai tsaye, na ce mata bienvenue. Sai ta waiga tana duba ko baƙo ne ya iso.

Malam Lawali: Da a Kebek ta Kanada kake da ka ci, can suna faɗin haka. A Nijar da Faransa "de rien" ake cewa, wato ba komai. Tunda dattijuwa ce kuwa, "je vous en prie" ya fi dacewa da ita.

Hadiza: To "please" fa, Malam? Ƙamus ya ba ni guda biyu, ban san wadda zan ɗauka ba.

Malam Lawali: Nan gizo ke saƙa. Akwai "s'il te plaît", akwai "s'il vous plaît", duka ma'anarsu in ka yarda. Turanci ya daɗe da yar da tsohuwar kalmarsa "thou", ya bar "you" ga sarki da talaka. Faransanci ya riƙe biyun. "Tu" na aboki ne da yaro da ɗan gida, "vous" na babba da wanda ba ka sani ba. Ka isa shingen jandarma ka ce masa "tu", ka ga yadda takardunka za su daɗe a hannunsa.

Hadiza: Ai mu ma haka muke. Ni ban isa in ce wa surukina "ka tashi lafiya" ba, sai "Baba, kun tashi lafiya?"

Malam Lawali: Shi ya sa ɗalibina Bahaushe ke riga Baturen Ingila kamawa, don abin yana bakinsa tun daga gida. Faransawa har izini suke nema kafin su sauko: "on peut se tutoyer?" Wato mu koma kai da ke? Kuma galibi babba ne ke fara tayi.

Abdu: Ni "sorry" ce damuwata. Mutum ya yi tuntuɓe, sai in ji bakina ya ce désolé.

Malam Lawali: Sai ya ɗauka kai ka ajiye dutsen. Ai "sorry" ɗin Najeriya sannu ce ta shiga Turanci. In ka taka ƙafar mutum a kasuwa, "pardon". In tambayar hanya za ka yi, "excusez-moi". In labari marar daɗi za ka ba shi, "je suis désolé". Wanda ya yi tuntuɓe kuwa tambayarsa ake, "ça va?"

Hadiza: Sannu da aiki fa? Mu "well done" muke cewa.

Malam Lawali: "Bon courage". Kika ce "bravo", kin yaba aikin da bai gama ba.

Abdu: Merci dai ba ta da matsala, ko?

Malam Lawali: Tana da ita. A miƙo maka shayi, ka ɗaga tafi ka ce merci, sai a wuce da butar, an ɗauka ka ƙoshi. In kana so, ka ce "oui, merci" ko "je veux bien".

Hadiza: Tambaya ta ƙarshe, tawa ce ta kaina. Madame ko mademoiselle?

Malam Lawali: Ki ce madame ki huta. Tun 2012 gwamnatin Faransa ta ba da umarnin a cire mademoiselle, wadda ake kiran mace marar aure da ita, daga takardun hukuma, saboda ba a tambayar namiji ko yana da aure. Abin dariyar ma, kalmar Turanci "courtesy", wato ladabi, ita kanta aro ce daga Faransanci, tushenta "cour", wato fada. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ne yaren fada a can na ɗaruruwan shekaru.

Abdu: Ashe bashi muke mayarwa. Merci, Malam.

Malam Lawali: De rien.

Abdu: Ba "je vous en prie" ba?

Malam Lawali: Sai ka yi furfura. Hadiza, rufe mana shiri.