Lambobi shida da ba a faɗa wa kowa

Laccar da aka gabatar wa ɗalibai da ƴan kasuwa a Yamai, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayena malamai, ƴan uwa maza da mata, barkanku da hantsi.

A watan Afrilun 2021 aka watsa bayanan mutum miliyan 533 masu Facebook a intanet, kyauta, daga ƙasashe 106: suna, gari, lambar waya. Kafin nan kamfanin Yahoo ya amsa cewa satar bayanan da aka yi masa a 2013 ta shafi asusu biliyan 3. Abin da ya fita ya fita ke nan, ba mai mayar da shi. Maganarmu yau, me ɓarawo yake yi da shi?

Da farko gwaji yake yi. Kalmar sirrin da ya tsinta a wuri guda, ita zai gwada a imel ɗinka da Facebook ɗinka. Mu kuwa makulli ɗaya muke yi wa gida da shago da rumbu, sau da yawa ma shekarar haihuwa ce. To, a canja, a fara da imel, domin can ake aiko saƙon sabunta kalmar sirrin sauran. Mai son ya duba, akwai shafin Have I Been Pwned da Troy Hunt, ɗan Ostareliya, ya buɗe a 2013. Ka sa adireshin imel, ya nuna maka satar da ta haɗa da kai.

Amma wanda ya fi cin mutanenmu shi ne kira. Mutum ya san sunanka, ya san garinku, ya gaishe ka har da tambayar iyali. Sai ya ce, "Alhaji, na yi kuskure, wasu lambobi sun shigo wayarka, don Allah karanto mini." Lambobin nan shida su ne ƙofar WhatsApp ɗinka. Kana karantawa ya shige, kafin la'asar ya roƙi ƙanenka da ke Abijan jikka hamsin da sunanka. Kunya ce take kashe mu a nan, wallahi, ba rashin ilimi ba; muna jin nauyin katse wa mai sallama waya. Ku katse! Ma'aikacin kamfanin waya ko na gidan aika kuɗi ba ya tambayar lambar sirri.

Yanzu kowa ya ciro wayarsa. Ku shiga saitin WhatsApp, sashen asusu, ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ku zaɓi lambar da ku kaɗai kuka sani. Hajiya, ban da ranar auren ɗiyarki.

In layinka ya mutu haka kawai, ka je ofishin kamfanin da katin shaida a ranar, wataƙila wani ya karɓi layin da sunanka. Ƙasarmu tana da dokar laifukan intanet tun 2019, akwai kuma hukumar HAPDP mai kula da bayanan mutane, saboda haka a kai ƙara komisariya da hoton saƙonnin. Wanda saitin ya gagare shi ya ɗaga hannu, samarin nan za su zagayo.