Daga kwalejin shekara biyu zuwa kujerar matuƙi da gaban allo

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Iyayena, yayyena, ƙannena, sannunku da fitowa cikin wannan sanyi na Bronx, a nan birnin New York. Na san wasunku daga tuƙin dare suka wuto nan, ko gida ba su je ba. Allah ya saka da alheri.

Abu huɗu na zo da su a kan kwalejin nan ta shekara biyu, wadda 'ya'yanmu ke kira kwamuniti kwaleji: asalinta, kuɗinta, hanyar aikin jirgin sama, sai hanyar malanta. Waɗannan biyun na ƙarshe su yaranmu suka fi tambayata a makarantar da nake koyar da lissafi.

Na farko, asali. Akwai maganar da nake ji a gidajen suna da wuraren biki, wai wane ya tafi kwamuniti kwaleji saboda bai ci jarrabawa ba. Maganar nan tana yi mini ciwo, don ni ma ta nan na bi. Ta farko da gwamnati ta mallaka a Amurka a garin Joliet take, jihar Illinois, an buɗe ta 1901 da ɗalibai shida. Shida kacal. Shugaban Jami'ar Chicago na lokacin, William Rainey Harper, da shugaban sakandaren garin, J. Stanley Brown, su suka haɗa kai, don yaro ya yi shekara biyun farko na jami'a yana kwana a ɗakin uwarsa. A 1947 kwamitin da Shugaba Truman ya kafa ya ce a baza irinta ko'ina. Ta unguwarmu nan, Bronx Community College, an kafa ta 1957, Hostos kuma 1968. Ka gama kiredit 60, wato makin da ake tara maka a kan kowane darasi da ka ci, a ba ka ƙaramin digiri, ka ƙara wasu 60 a babbar jami'a ka karɓi cikakke.

Kuɗi kuwa, bari in taƙaita. Mazaunin birnin nan yana biyan dala 4,800 a shekara a kwalejojin shekara biyu na CUNY, wato jami'ar gwamnati ta birnin New York. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024, ga mai ƙaramin ƙarfi da ke da takardar ɗan ƙasa ko girin kad. Ku lissafa da kanku. Sai dai sai an cike fom ɗin neman tallafin, wanda ake kira FAFSA, kuma wallahi na ga gidajen da suka yi asarar kuɗin nan don kawai uba ya ƙi fito da takardar harajinsa. Alhaji, ba da kai nake ba, na ga ka gyara zama. (Dariya.) Akwai kuma shirin ASAP da CUNY ta fara a 2007, mai ba da kuɗin jirgin ƙasa da na littattafai da mai ba da shawara da zai riƙa bibiyar yaro. Da aka auna, kashi 40 cikin ɗari na 'yan shirin sun gama cikin shekara uku, waɗanda ba sa ciki kashi 22. A tambayi ASAP tun ranar rajista.

To, jirgin sama. Nan ne zuciyata take, ku yi haƙuri da ni.

Wani ɗalibina, iyayensa 'yan zangon Kumasi ne, ya same ni bayan darasi ya ce, "Malam, ni fa jirgi nake so in tuƙa." Na ce nawa ne awannin? Ya yi shiru. Na ce to zauna, harkar jirgi duk lissafin awa ce. Kowane matuƙi yana da littafi da yake rubuta duk tashin da ya yi: ranar kaza, jirgi kaza, daga ina zuwa ina, awa ɗaya da ɗigo uku, malami ya sa hannu. Littafin nan shi ne dukiyarsa, ya fi masa komai.

Ku riƙe lambobin nan. Lasisin farko, na tuƙa ƙaramin jirgi don kanka, hukumar FAA mai kula da harkar jiragen sama a Amurka ta ce aƙalla awa 40, amma yawancin mutane suna haura haka kafin su shirya. Sai ka koyi tuƙi cikin gajimare, inda ba ka ganin ƙasa ba ka ganin sama, na'urorin gabanka kawai za ka yarda da su. Sai lasisin da za a iya biyanka kuɗi da shi, awa 250. To a nan yaro zai ɗauka ya iso. Bai iso ba. Kamfanin jigilar fasinja ba zai zaunar da shi ko a kujerar mataimaki ba sai yana da awa 1,500.

Me ya kawo haka? Ranar 12 ga Fabrairu 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya tashi daga Newark, nan kusa da mu, ya faɗi a kan wani gida dab da Buffalo. Mutum 50 suka rasu, 49 a cikin jirgi, ɗaya a cikin gidansa. Iyalan mamatan suka yi ta sintiri Washington har majalisa ta yi doka a 2010, ƙa'idar awa 1,500 ta fara aiki 2013. Kafin nan da awa 250 ma ana ɗaukar mataimakin matuƙi.

Yanzu ga inda kwalejin shekara biyu ta shigo, ku saurara da kyau. Dokar ta yi rangwame. Wanda ya yi ƙaramin digiri a fannin jirgi, a kwalejin da FAA ta amince da tsarinta, awa 1,250 ake nema a wurinsa. Mai cikakken digiri a fannin, 1,000. Tsohon matuƙin soja, 750. Kuma maimakon shekara 23 da ake nema a wurin sauran, yana da 21 zai iya shiga. Awa 250 da aka rage masa, ku san ba ƙaramin abu ba ne, watanni ne na rayuwar mutum. Amma sai kwalejin tana da wannan amincewar. Ku tambaya, ku ce a nuna muku a rubuce. A jihar nan akwai Dutchess Community College a Poughkeepsie da ke koyar da tuƙi da gyaran jirgi, a New Jersey akwai Mercer County, a Pennsylvania akwai Beaver County wadda ta yi suna wajen horar da masu ba jirage hanya daga hasumiya.

To tambayar da nake so ku yi mini ita ce: daga 250 zuwa 1,250, ina yaro zai samo awa dubu? Hayar ƙaramin jirgi Cessna 172 tare da malami tana haura dala 200 a awa a wurare da yawa. Ku ninka sau dubu. Wane direban tasi ne a cikinmu zai biya? Babu. Ba a saye, koyarwa ake yi. Yaro zai ƙara lasisi ɗaya, na malamin tuƙi, ya koma kujerar dama, sabon ɗalibi ya zauna a ta hagu. Ɗalibin ke biya, malamin ana ba shi albashi, kuma awannin suna shiga littafinsa. Yawancin matuƙan farar hula a ƙasar nan ta wannan hanya suka bi.

Kun ga abin da ya sa na haɗa jirgi da malanta a lacca ɗaya? Wasu sun ce mini, Malam, me ya haɗa kifi da kaska? To ga abin da ya haɗa su. Mutumin da ke jan ku daga filin Kennedy zuwa Accra, mai yiwuwa ya yi shekara ɗaya ko biyu yana malami. Malami ne mai zama kafaɗa da kafaɗa da ɗalibi a ɗaki da bai kai cikin ƙaramar mota faɗi ba. Ɗalibina da na gaya muku ya ɗauke ni sau ɗaya na zauna a baya yana koyar da wani. Sun zo sauka, ɗalibin ya ɗaga hancin jirgi da wuri, wata ƙara ta fara kuka. Na ga hannun yaron nan yana shawagi kusa da sitiyari, inci ɗaya, bai taɓa ba. Ya ce da murya a kwance, "Sauke hanci kaɗan, ƙara wuta." Sai da muka sauka na tambaye shi don me bai karɓe ba. Ya ce, "Malam, in na karɓe yau, gobe ma sai na karɓa." Wallahi shekarata nawa ina koyarwa, ranar na ƙaru. Hannu kusa, amma ba a taɓa ba. Ni ma haka ya kamata in yi wa yaro a gaban allo in ya maƙale a lissafi.

Kuma kada 'yan mata su ce ba da su ake ba. Eileen Collins, 'yar garin Elmira ce a jihar nan, gidansu ba masu hali ba ne. Corning Community College ta yi, ta gama 1976, ta wuce Jami'ar Syracuse ta gama 1978. Ta shiga sojan sama, ta zama mai koyar da tuƙi, ta koyar da lissafi a makarantar hafsoshin sojan sama da ke Colorado. A 1995 ta zama mace ta farko da ta tuƙa kumbon Amurka mai zuwa sama jannati ya dawo, a 1999 ta zama ta farko da ta jagoranci tafiyar. Kwalejin shekara biyu, malanta, sannan sama. Hajiya, gaya wa 'yarki da ke gefenki, na ga tana rubutawa.

Mu kuma jirgi ba baƙonmu ba ne. Tun 1925 jirage suka sauka Kano, kuma kwalejin horar da ma'aikatan jirgi ta Zariya tun 1964 take. Wanda ya tashi a Sabon Gari ko Samaru ya san ƙananan jiragen nan masu zagaye gari da safe, ɗalibai ne ke tara awanninsu.

Kafin in bar nan, gargaɗi biyu. Kafin a kashe sisin kwabo a kai yaro wurin likitan da FAA ta amince da shi, a nemi takardar lafiya mai daraja ta ɗaya. Kada a ci bashi sannan a gano ido ko zuciya sun hana. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuma sai hukumar tsaron sufuri, TSA, ta tantance shi kafin ya fara. Kuɗin tashi daban yake da kuɗin makaranta, Pell kaɗai ba za ta ɗauke shi ba. Wanda aljihunsa bai kai ba ya dubi gyaran jirgi: wata 18 zuwa 24, ya ci jarrabawar FAA ta gangar jiki da ta inji, ya zama makanike mai lasisi. Har sakandare guda akwai a Queens, Aviation High School, da ke koyar da shi kyauta.

Na uku... a'a, na ukun ke nan muka gama. An miƙo mini takarda wai saura minti biyar. To malanta, da gudu.

Ƙaramin digiri ba ya sa ka zama cikakken malami a jihar nan. Sai cikakken digiri, da jarrabawar lasisi, da aikin koyarwa na gwaji, sannan a ba ka shekara biyar ka yi digiri na biyu. Abin da kwalejin ke yi shi ne ta ɗauke maka rabin farko da araha, ka wuce kwalejin shekara huɗu irin su Lehman ko City College. Inda ake faɗuwa wurin ƙaura ne. Binciken da ofishin bin diddigi na gwamnatin tarayya ya fitar a 2017 ya ce ɗalibai masu sauya makaranta suna asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Ni kaina darussa huɗu wata jami'a ta ƙi karɓa mini, na sake su, zango guda ya tafi, lokacin ina da jariri a gida. Tun zangon farko yaro ya san jami'ar da zai je, ya riƙe jerin darussan da take karɓa. Akwai tallafin TEACH, har dala 4,000 a shekara, amma in ba ka yi shekara huɗu kana koyarwa a makarantar marasa ƙarfi ba, ya rikiɗe ya zama bashi.

Na'am, Alhaji, akwai tambaya? Ku ba shi makirfon.

(Wani dattijo ya ce yana da NCE daga gida, ya koyar shekara tara a firamare kafin ya zo, yanzu shekararsa 44 yana tuƙa tasi. Ya tambaya ko lokaci ya wuce masa.)

Yaya, ashe malami ne kai, kana zaune a baya ka yi shiru. Bai wuce ba. Bari in ba ka labarin Jaime Escalante. Malamin lissafi da kimiyya ne a Bolibiya, shekaru ya yi yana koyarwa. Ya zo Amurka, takardunsa ba su ba shi aji ba, Turanci ma bai iya ba. Ya kama aiki a gidan abinci yana goge ƙasa, ya zama kuku, da dare yana zuwa Pasadena City College, kwalejin shekara biyu. Ya wuce jami'ar jiha a Los Angeles. Sai 1974 ya shiga aji a sakandaren Garfield, yana da shekara 43. A 1982 ɗalibansa 18, 'ya'yan talakawa, suka ci jarrabawar lissafi mai zurfi ta matakin jami'a. Masu jarrabawar suka yi zargin satar amsa a kan 14, 12 suka sake zama, duka suka sake ci.

Ga abin da za ka yi. Ka aika gida a turo maka sakamakon NCE ɗinka, kwas-kwas, daga makarantar kai tsaye zuwa masu tantance takardun ƙasashen waje, don a ga kiredit nawa za a ƙirga maka. Kana jira, ka nemi aikin mataimakin malami. Matakin farko takardar sakandare yake buƙata, da jarrabawa ɗaya, da gajerun bita, da hoton yatsu. Makarantun unguwar nan cike suke da yaran da suka zo daga Yamai da Accra da Agadas, uwa ta zo taron iyaye ba wanda zai fassara mata. Kai kana da Hausa, kana da Turanci, ka riƙe alli shekara tara. Takardun suna nan ko suna gida? Suna gida. To kada ka tafi bayan sallah, ka same ni bakin ƙofa mu rubuta wasiƙar tare. An kira sallah ko? To mu tashi. Wassalamu alaikum.