Bajon Gaban Mota: Abin da Ɗan Ƙarfen Nan Ya Gani a Jamus

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa maza da mata, na gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Ga shi a hannuna, na baya ku ɗan leƙo. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba, tagulla ce aka lulluɓe da ruwan gilas, gaggafa ta buɗe fukafukai a tsakiya, da haruffa huɗu: ADAC, sunan wata ƙungiyar masu motoci. Irinsa masu motoci a Jamus suke ɗaurewa a jikin lagireto, don kowa ya san ƙungiyar da suke ciki. Kusan kamar takardar ƙungiya da direbobinmu ke mannawa a gilas, sai dai wannan an yi shi ne don ya daɗe fiye da motar.

A shekarar 1899, tun kafin ADAC, aka kafa wata ƙungiyar masu motoci a Berlin. Lokacin nan mota sai attajiri, sai ɗan sarauta. A 1905 sarkin Jamus Wilhelm na Biyu ya zama uban ƙungiyar, aka sa mata suna na sarauta, ana taƙaita shi KAC, kambin sarki kuma ya hau kan bajonta. Da sarauta ta rushe a 1918, kambi ya sauka, ƙungiyar ta koma AvD, sunan da take amsawa har yau. Ita ce ta shirya babbar gasar tseren motoci ta Jamus ta farko a 1926, wadda Rudolf Caracciola ya lashe. To mai tara bajo, da ya ga kambin nan, ba sai an gaya masa ba, ya san abin ya haura shekara ɗari.

Ita kuwa ADAC daga ƙasa ta taso. A ranar 24 ga Mayu 1903 masu babura suka kafa ta a Stuttgart, ba ta ɗauki wannan suna ba sai 1911. Yau mambobinta sun haura miliyan 20, kuma Jamusawa na kiran makanikanta masu kai ɗauki a hanya "mala'iku masu ruwan ɗorawa", saboda launin motocinsu.

Yanzu bari in tsaya kan aikin hannun, don nan zuciyata take. Maƙeri zai buga zanen a kan tagulla, ya bar ƙananan ramuka, ya cika kowane rami da garin gilas mai launi, ya gasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 800. Gilas ya narke ya kama ƙarfe. Sai a goge, a sake gasawa, wani lokaci sau da yawa. Duk wanda ya san kwanon samira na ɗakin iyayenmu mata ya san dangin wannan sana'a, har da yadda yake ɓantarewa idan ya faɗi. Ku dubi gefen wannan, akwai ɗan ɓantare. Tsakuwa ce ta hanya ta doke shi. Wallahi na fi son sa a haka, don shaida ce cewa ya yi tafiya, ya sha rana da ƙanƙara a gaban motar wani bawan Allah. Garuruwa irin su Pforzheim sun yi suna a wannan aiki, kuma can ne Bertha Benz, matar Carl Benz maƙerin mota, ta nufa a 1888 da ta tuka motar mijinta daga Mannheim, tafiyar fiye da kilomita 100.

Ba bajon zama mamba kaɗai ake nema ba. Akwai na taro, inda direbobi ke tasowa daga garuruwa daban-daban su haɗu a wuri guda, kowa ya iso a ba shi bajo mai sunan garin da shekarar, wani da hoton ganuwa ko gada. Kaɗan ake bugawa, na rana ɗaya ne, shi ya sa masu tarawa ke rububinsu.

Sai mu zo wuri mai nauyi. A 1933 'yan Nazi suka hau mulki, suka haɗe ƙungiyoyin motoci cikin guda ɗaya mai suna DDAC, tambarin jam'iyyarsu ya shiga cikin bajo. Aka fitar da Yahudawa daga ƙungiyoyin, a Disambar 1938 kuma aka ƙwace musu lasin tuƙi baki ɗaya. Mutum da motarsa, da kuɗinsa, an ce ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Ina roƙon duk wanda bajon wannan zamani ya faɗo hannunsa ya riƙe shi da sanin abin da ya riƙe, kada ya mai da shi kayan ado. A Jamus ma doka ta hana baje wannan tambari a bainar jama'a, shi ya sa za ka ga 'yan kasuwa sun rufe shi. Bayan yaƙi, a 1946, aka sake kafa ADAC a Munich.

Wani ya rubuto tambaya kan jabu. Akwai, kuma da yawa. Ni ma an taɓa sayar mini da ɗaya, na biya da murna, sai a gida na sa farce na ji laushi: fenti ne da roba, ba gilas ba. Tun daga ranar, baya nake fara dubawa kafin gaba. Ka nemi sunan maƙeri da garinsa. Ka auna nauyi a tafin hannu. Ka dubi ramin noti, wanda ya zauna a mota shekaru yana da zaizaya a nan, tsatsarsa kuma ba iri ɗaya ba ce ko'ina. A manyan kasuwannin tsofaffin motoci irin na Essen da Mannheim za ka ga dattawa sun duƙa da madubin ƙara girma, sun fi minti goma a kan bajo ɗaya.

Zan miƙa wannan ya zagaya. Don Allah a riƙe shi ta gefe, kuma kowa ya juya bayansa ya karanta sunan maƙerin.